Waiwaye: Yadda Gidajen Tarihi Suka Koyi Lura da Masu Ziyara Kafin Sayen Na'ura

A shekarar 1916 wani babban ma'aikacin gidan adana kayan fasaha na birnin Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya sa wani mutum ya zagaya gidan yana ƙoƙarin ganin kayan da karanta bayanan da aka liƙa musu, ana bin sa ana ɗaukar hotonsa. Sai ga mutumin nan a sunkuye, a tsugune, a durƙushe, can kuma ya yi ɗage yana miƙa wuya. Gilman ya raɗa wa abin suna gajiyar gidan tarihi, ya ce laifin yana ga yadda aka jera kayan. Kafin nan hankalin masu gidan yana kan kaya ne kacokan, wanda ya zo kallo kuwa ya ji da kansa.

Daga nan masana halayyar ɗan Adam suka karɓi aikin. Edward Robinson na Jami'ar Yale a 1928, da ɗalibinsa Arthur Melton a 1935, sun riƙa bin maziyarta a hankali da agogo da littafin rubutu. Sun gano cewa galibin mutane dama suke juyawa idan sun shiga ɗaki, cewa lokacin da suke ba kowane zane yana raguwa yayin da ziyara ke tsawo, kuma da zarar ido ya hango ƙofar fita, sai ƙafa ta bi. Agogo da fensir kawai, amma har yau da sakamakon nan ake tsara ɗakunan nuni.

Na'ura ta shigo ne a 1952, a gidan Stedelijk na birnin Amsterdam, lokacin shugabancin Willem Sandberg. An naɗi bayani a faifai, ana watsa shi ta gajeren zangon rediyo a cikin ginin, kowa riƙe da 'yar akwatin sauraro. Da yake murya ɗaya kowa ke ji a lokaci guda, sai a ga taro ya juya kai tare, ya matsa gaba tare, tamkar sahun sojoji. A 1957 kamfanin Acoustiguide, mai yin na'urorin sauraron bayani, ya fara da gidan tsohon shugaban Amurka Franklin Roosevelt, da muryar matarsa Eleanor. Da yake kowa na ɗauke da nasa faifan, ya ba mutum damar tsayawa ya huta, amma hanyar da mai naɗi ya shata dole ita za a bi. Sai a 1993, a gidan Louvre na Paris, aka sami na'urar da mutum zai danna lambar abin da yake so ya ji labarinsa, ya tsallake sauran. A ganina wannan ne babban sauyin da aka yi a duk tarihin nan, domin ranar ce linzami ya koma hannun mai ziyara.

Abin da ya biyo baya ya zo da gudu: shafukan intanet, manhajojin waya, shirin Google na 2011 na nuna kayan gidajen tarihi a intanet, da ya fara da gidaje 17, Louvre da ta koma amfani da na'urar wasan Nintendo 3DS a 2012, da Rijksmuseum na ƙasar Holan da ya saki hotuna 125,000 kyauta a shekarar.

To, duk wannan ya sa mutane sun ƙara kallo? A 2001 Jeffrey Smith da Lisa Smith suka wallafa binciken da suka yi a gidan Metropolitan na New York, inda suka sami cewa a matsakaici daƙiƙa 27 mutum ke yi gaban shahararren zane. Da aka maimaita binciken a Chicago, aka wallafa a 2017, sai aka sami kusan daƙiƙa 29, kuma da yawa cikin mutanen hoton kansu suke ɗauka da zanen. Shekara goma sha shida na sababbin na'urori, abin da suka ƙara bai kai daƙiƙa biyu ba. Wannan adadi ya kamata ya tsaya a ran duk mai shirin kashe miliyoyi kan allo.

Gidajen da suka ci riba su ne waɗanda suka koma ga dabarar Melton. Gidan adana kayan fasaha na birnin Cleveland a Amurka ya kafa bangon allon taɓawa mai tsawon ƙafa 40 a 2013, ɗauke da dubban hotunan kayansa. Bayan sun nazarci yadda jama'a ke amfani da wurin, a 2017 suka sake tsarin ɗakin nunin, suka dawo da ainihin kayan gaba, na'ura ta koma baya. Cooper Hewitt na New York ya fito da wani alƙalami na lantarki a 2015: ka taɓa shi jikin takardar bayani, ya ajiye maka abin, ka duba a gida da lambar tikitinka, don kada ka ɓata ziyararka kana kallon waya. Wanda ya fi burge ni shi ne na gidan Brooklyn, shi ma a New York. Da suka yi gwaje-gwaje, sai suka ga mutane sun fi son su yi tambaya a ba su amsa, don haka suka yi manhajar ASK ta riƙa kai saƙo ga ma'aikata masu rai, su amsa nan take. Bincike ne ya kai su ga abin da mai ba da labari a ƙofar fada ya daɗe da sani.

Annobar korona a 2020 ta rufe kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya, a ƙiyasin UNESCO, sai allo ya zama ƙofa ɗaya tilo. Nan tambayar ta sauya: wa ke iya shiga, kuma da wane harshe ake yi masa magana?

Amsa mafi kusa da mu ita ce shafin intanet na Digital Benin, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022. Ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, akasarinsu waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe daga masarautar Benin, a kudancin Najeriya ta yau, a 1897. Masu aikin, cikinsu har da masana 'yan birnin Benin, ba su tsaya kan sunayen da rumbunan Turai suka laƙaba wa kayan ba. Sun ware sashe mai suna Eyo Oto, inda aka kasa kayan bisa sunayensu na harshen Edo da aikin da ake yi da su, aka kuma haɗa da hirarrakin da aka naɗa da dattawa da maƙera. Allon tagulla da ya shekara sama da ɗari a wata ma'ajiya a Landan ko Balin ɗauke da lamba, yanzu wani daga zuriyar maƙerin da ya zuba shi zai neme shi a wayarsa da sunan da ake kiran sa a gida, wato ama.