Dogayen Sifikoki Masu Tsayawa a Ƙasa: Yadda Ake Zaɓa da Kafa Su a Falo

Kowane ɗaki ne zai ɗauki doguwar sifika?

A'a. Falon da bai kai mita 4 a tsawo da 4 a faɗi ba, doguwar sifika mai manyan wufa (faifan da ke fitar da sauti mai kauri) za ta cika shi da ruri ne kawai, kiɗan kotso da na taushi su cakuɗe har ba ka bambance su. Irin wannan ɗaki ƙananan sifikoki na kan kanta sun fi masa. Matsakaicin falo kuwa, mai wufa biyu na inci 6.5 ta wadatar.

Mai shago ya ce tana da wat 3,000. In yarda?

Duba haruffan da ke gaban lambar. In PMPO ne, lambar talla ce, manta da ita. RMS ake dubawa, wato ƙarfin da take iya ɗauka a kai a kai, kuma sifikar falo ta ƙwarai yawanci tsakanin wat 80 zuwa 200 take.

Akwai lambobi biyu da suka fi wat amfani. Ta farko ita ce dB, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya. Duk bambancin dB 3 yana nufin ninki biyu na ƙarfin amfilifaya, na'urar da ke tura wa sifika ƙarfi: mai dB 87 sai ta ci wat 100 kafin ta kamo abin da mai dB 90 za ta yi da wat 50. Ta biyu ita ce om, ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki. Mai om 8 kusan kowace amfilifaya na iya jan ta. Mai om 4 ta fi zuƙar wuta, tana sa amfilifaya zafi, kuma a zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, za ka ga na'urar tana kashe kanta tsakiyar waƙa. Karanta bayan amfilifayarka, ka ga ko an rubuta tana ɗaukar om 4.

Babbar amfilifaya ce ke ƙona sifika?

Mafi yawa ƙarama ce. In aka murɗe ƙaramar amfilifaya har ƙurya, sautinta na yagewa, wannan yagaggen sauti kuma shi ke gasa tuwita, 'yar ƙaramar nan ta sama. Da ka ji murya ta fara kaushi, rage.

Ta gwanjo fa, me zan duba?

Cire ragar gaba. Zoben da ke kewaye da bakin wufa, in na soso ne, shafa shi da yatsa. Wanda ya daɗe yana marmashewa, zafi kuma na hanzarta hakan. Na roba ya fi ƙarko. Sannan ka buɗe yatsu ka danna wufar a hankali, daidai wa daida: in ka ji gurza, nannaɗaɗɗiyar wayar ciki ta taɓu, bar ta. Kara kunne a tuwitar kowacce, don sau da yawa ɗaya ta mutu ba a faɗa ba. Ka je da waƙar da ka sani sarai, ko karatun da ka saba ji, domin murya ce ta fi saurin tona asirin sifika.

A ina zan ajiye su?

Nan ne akasarin mutane ke asarar kuɗinsu. Ana saye, a tura su kusurwa biyu don falo ya yi fili, sai bes, wato sauti mai kauri, ya kumbura ya danne komai. Janye su daga bangon baya kamar santimita 50, musamman masu rami a baya, wanda iskar bes ke fita ta cikinsa. Tsakaninsu mita 2 zuwa 2.5, kujerarka ma nisanta daga kowacce ya zama haka. Karkato su kaɗan su fuskance ka, tuwita daidai kunnenka kana zaune. In a kan darduma da tuntu kuke zama, ɗan ɗaga gaban akwatin ba zai yi ba. Sai dai ka ƙara ja da baya.

Falon tayil da bangon siminti yana mayar da amo sosai. Tafa hannu sau ɗaya, in ka ji ƙara ta yi wutsiya, shimfiɗa kafet tsakaninka da sifikokin, ka sa labule mai kauri. Ƙafafun ƙusa da ake sawa a ƙarƙashin sifika na kan kafet ne. A kan tayil roba ake sawa.

Waya sai mai tsada?

Ta tagulla zalla mai kaurin milimita 1.5 ta isa mita 5. In ya fi haka, 2.5. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a ɓangarorin biyu. In ka juya ɗaya, bes zai ragu, murya ta rasa tsakiya. Ka murɗe silin wayar da kyau, don sili ɗaya na ja da ya taɓa na baƙi na iya kashe amfilifaya.

Ƙura da wuta fa?

Lokacin hunturu bar ragar a jiki, ka rufe su da yadi in ba a amfani. Tuwita ba a goge ta da tsumma, burushi mai laushi ake sawa. Kada rana ta riƙa dukan akwatin ta taga, gam na saki. Amfilifaya kuma a kan sitabilaiza, a bar mata sarari a sama ta sha iska, a kashe ta kafin a juya layi zuwa janareta ko sola. Ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.