Bin bahasin admin a zaurukan intanet na Damagaram

Admin shi ne mai riƙe da ragamar zauren intanet, abin da mutanen Damagaram suka fi kira gurup. Shi ke shigar da mutum, shi ke cire shi, shi ke kulle bakin kowa idan ya ga dama. Bin bahasin admin kuwa yana nufin hanyoyin da ƴan zaure, kamfanin manhaja ko hukuma ke bi don su sa shi ya yi bayani idan ya wuce gona da iri.

Ikon da manhaja ta ba shi

WhatsApp, wanda a kansa mafi yawan zaurukan Damagaram suke, ya yi ta ƙara wa admin ƙarfi. A 2018 ya ba shi damar hana kowa magana sai shi da abokan aikinsa, ya kuma sa ba a iya cire wanda ya buɗe zaure. A 2022 aka ba shi ikon goge saƙon wani daga wayar kowa, aka kuma faɗaɗa zaure har ya iya ɗaukar mutum 1,024. Wanda aka cire kuwa ba a tanadar masa wurin ɗaukaka ƙara ba. Akwai maɓallin kai rahoto ga kamfani, amma kamfani saƙon batsa, zamba ko barazana yake dubawa, ba ruwansa da ko an kori mutum bisa zalunci.

Yadda ake ɓata ikon

Abin ya fi ciwo a zaurukan da ba na hira kaɗai ba ne: na ƴan gari ɗaya mazauna waje, na ɗaliban Jami'ar André Salifou, na ƴan kasuwar Dole masu sanar da juna farashi, na mata masu adashe. A can ake jin sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da neman aiki. Wanda aka cire daga irin wannan zaure, an raba shi da labarin unguwarsu ne.

Babban tushen rigima kuɗi ne. A yi karo-karo don majinyaci, kowa ya turo jikarsa ta sefa, sai wani ya yi saƙon murya da ladabi: "Alhaji, don Allah a nuna mana nawa aka tara." Kafin la'asar saƙon ya ɓace, sai ɗan siririn rubutu a tsakiyar allo cewa an cire wane. Sauran su yi tsit, kowa na gudun ya bi sahunsa. Bayan kuɗi sai son kai na siyasa ko na aƙida, inda ake goge maganar ɓangare guda a bar ta ɗayan.

Matsayin doka

Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, sai dokar soja ta Yunin 2024 ta maido da shi: ɓata suna shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a shekara 2 zuwa 5. Sai dai dokar abin da aka furta take hukuntawa, ba korar da aka yi wa mutum ba. Hasali ma wani admin ɗin da ita yake fakewa, ya goge tambayar gaskiya ya ce gudun fitina yake. Wani kuma tsoronsa na gaske ne, kuma ya cancanci uzuri. A Indiya, babbar kotun Bombay ta yanke a 2021 cewa ba a kama admin da laifin saƙon wani sai in da haɗin bakinsa.

A wasu wuraren an tsara abin a rubuce. Ƙa'idojin Santa Clara na 2018, waɗanda masana da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka tsara wa kamfanonin intanet, sun nemi a sanar da mutum dalilin cire maganarsa, a kuma ba shi damar ƙorafi. Wikipedia ta Turanci tana da kwamitin sasanci mai ikon tuɓe admin.

Abin da ke aiki a gari

A Damagaram abin da ya fi kama admin shi ne an san gidansu. Wanda aka cire yakan kai kuka wurin babban fada, wato shugaban majalisar hira ta samarin unguwa, ko limami, ko wani dattijon da admin ɗin ke jin nauyinsa, a zauna kan tabarma ana dafa shayi a warware. Amma wannan hanya tana da giɓi: ƙaramin yaro da matar aure ba kasafai suke iya tunkarar Alhaji ido da ido ba. Shi ya sa zaurukan da suka daɗe ba su watse ba sukan naɗa admin uku ko huɗu, su rubuta dokokinsu a bayanin zaure, su yi gargaɗi kafin kora, su raba mai riƙon kuɗi da mai riƙon zaure, a kuma ɗora hoton rasit duk lokacin da aka kashe ko dala ɗaya. Idan duk wannan ya faskara, sai jama'a su fice su buɗe sabon zaure, su bar wa mai tsohon kayansa.