Wane ne ɗan Cherokee a idon doka: rajistar da ke yanke yawan jama'a da rabon arziki

A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi ne suka rubuta cewa su Cherokee ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, zalla ko gauraye da wani jinsi. A ta 2010 adadin 819,105 ne. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluma zai zaci haihuwa ce ta yi yawa, alhali ba ita ba ce. Hukumar ƙidaya ba ta neman hujja, abin da mutum ya faɗa shi ake rubutawa, kuma a 2020 an sauya tsarin tambayar da yadda ake lissafa amsoshi. Idan aka koma ga rajistar gwamnatocin Cherokee guda uku da Amurka ta amince da su, sunayen da ke ciki duka-duka kusan rabin miliyan ne. Sauran, komai ƙarfin labarin da suka ji daga kakanni, ba su da ƙuri'a a zaɓen ƙabilar, ba su da kaso a dukiyarta.

Doka ta bar wa kowace ƙabila ikon cewa wane ne nata. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1978, a shari'ar Santa Clara Pueblo da Martinez. To, gwamnatocin Cherokee uku ne, kuma kowace ta shata nata layin.

Babbarsu ita ce Cherokee Nation, mai hedikwata a Tahlequah, jihar Oklahoma, da 'yan ƙasa sama da 450,000. A garin dai akwai United Keetoowah Band, mai mutum kimanin 14,000. Ta uku ita ce Eastern Band, wato 'yan Gabas, a tsaunukan Karolina ta Arewa, mai mutum kimanin 16,000. Asalin rabuwar shi ne korar da aka yi wa Cherokee daga kudu maso gabashin Amurka a 1838 da 1839, bayan dokar kwashe 'yan asalin ƙasa ta 1830 da yarjejeniyar New Echota ta 1835, wadda 'yan tsiraru suka sa wa hannu ba da yawun shugaba John Ross ba. An ƙiyasta mutum wajen 4,000 suka mutu a wannan tafiya. 'Yan Gabas zuriyar waɗanda suka tsira a tsaunuka ne, ba a kai su yamma ba.

Littafin Dawes

Dokar Cherokee Nation gajeriya ce: ka nuna da takardu cewa kai tsatson wani ne da sunansa ke cikin rajistar ƙarshe ta Hukumar Dawes, wadda gwamnatin Amurka ta kafa. Ba a tambayar yawan jini. Mai rabin jinin Cherokee da mai kashi ɗaya cikin 256 matsayinsu ɗaya.

Abin mamakin shi ne wannan littafi ba don gina ƙabila aka rubuta shi ba, don rushe ta ne. Dokar Curtis ta 1898 ta tilasta a yanka ƙasar da Cherokee suka mallaka a dunƙule, a ba kowa nasa, a share fagen kafa jihar Oklahoma a 1907. Yarjejeniyar 1902 ta ba kowane mai suna a rajista filin da darajarsa ta kai ta eka 110 na matsakaiciyar ƙasa. Kafin a raba, dole a san masu karɓa, shi ya sa aka yi rajistar. An rufe ta a 1907, aka ƙara 'yan sunaye kaɗan a 1914.

Mai nema yau yana farawa da lambar kakansa a rajistar, sannan ya jera takardun haihuwa ko na mutuwa da jiha ta hatimce, masu ɗauke da sunayen iyaye, daga kansa har zuwa wannan kakan. Zuriya ɗaya ta ɓace a tsakani, sarƙar ta tsinke. A nan yawancin masu nema ke faɗuwa, kuma dalilan sanannu ne. Wani kakansa Cherokee ne na gaske, amma lokacin rajista yana zaune a Arkansas ko Texas, kuma sharaɗin shiga shi ne zama a cikin yankin ƙabilar. Wani sunan da ya samo yana cikin wani littafi ne daban, kamar na Guion Miller, wanda aka yi don biyan diyya, ba ya kuma ba da 'yancin zama ɗan ƙasa. Wani suna ne kawai ya zo ɗaya, shekaru da dangi ba su dace ba. Wanda aka ɗauka riƙo sai ya bi ta iyayen da suka haife shi, ba waɗanda suka raine shi ba. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke sayarwa kuwa, mai cewa kana da kashi kaza na jinin 'yan asalin Amurka, ofishin rajista ba ya ko duba shi, domin ba ya iya nuna ƙabila, balle mutum guda a cikin littafi.

Akwai kati biyu da mutane ke rikitawa. Farin kati na gwamnatin tarayya ne, yana shaida yawan jinin mutum bisa abin da aka rubuta wa kakansa. Shuɗin kati na ƙabila ne, shi ne shaidar zama ɗan ƙasa. Bambancin ya yi aiki ƙwarai a rigimar zuriyar bayi. Wasu Cherokee sun mallaki bayi baƙaƙen fata, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar 1866 ya ba 'yantattun bayin da zuriyarsu dukkan haƙƙin da haifaffen Cherokee yake da shi. Sai dai ma'aikatan Dawes sun sa su a jeri na dabam ba tare da rubuta musu jini ba, har da waɗanda iyayensu Cherokee ne. A 2007 aka yi ƙuri'ar gyara tsarin mulkin ƙabilar, aka taƙaita zama ɗan ƙasa ga masu kaka a jerin jini. Alƙalin kotun tarayya Thomas Hogan ya yanke a 2017 cewa yarjejeniyar 1866 na nan daram, sannan a Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Cherokee ta goge sharaɗin jinin daga tsarin mulki. Dubban zuriyar bayin sun shiga rajista tun daga nan.

Inda ake auna jini

'Yan Gabas sun bi wata hanya. Sai mutum yana da kaka a rajistar Baker ta 1924, kuma sai jininsa na Cherokee ta Gabas ya kai kashi ɗaya cikin 16. Keetoowah sun fi tsauri, rubu'i suke nema.

Lissafin mai sauƙi ne: yaro na ɗaukar rabin abin da uwa take da shi da rabin na uba. Mace mai kashi ɗaya cikin 8 ta auri bare, ɗanta na da ɗaya cikin 16, ya shiga da ƙyar. Shi ma ya auri bare, ɗansa na da ɗaya cikin 32, ya fita, ko da a Qualla, ƙasar ƙabilar, aka haife shi, ko da yana jin yaren. Jinin wata ƙabila ba ya shiga wannan lissafi. Ma'ana, dokar Cherokee Nation tana ninka jama'a a kowace zuriya, ta Gabas kuwa tana tace su. Shi ya sa ɗaya ta haura 450,000, ɗaya ke nan a dubu goma sha wani abu.

Kuɗin caca da yadda doka ta ce a kashe shi

Mai karatu zai iya yamutsa fuska da jin cewa gidajen caca ne ƙashin bayan arzikin waɗannan al'ummomi, amma haka abin yake, kuma akwai dalili. Gwamnatin ƙabila ba ta iya dogaro da harajin ƙasa da gidaje yadda ƙananan hukumomin Amurka ke yi, saboda filin da tarayya ke riƙe wa ƙabila amana ba a sa masa wannan haraji, ga shi jama'ar talakawa ne. Bayan Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Cabazon ta 1987 cewa jihar Kalifoniya ba ta da ikon hana ƙabila cacar da ita kanta ta halatta, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tsara cacar ƙabilu a 1988.

Dokar ta kasa caca aji uku. Na ɗaya wasannin gargajiya, ƙabila kaɗai ke kula da su. Na biyu irin su bingo, ƙabila ke gudanarwa, hukumar tarayya na sa ido. Na uku shi ne mai tsoka, injinan caca da tebura, kuma ba a buɗe shi sai an ƙulla yarjejeniya da jiha. A Oklahoma masu zaɓe sun amince da tsarin a 2004, inda ƙabilu ke ba jiha kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin injina, da kashi 10 na wasannin tebur. Gwamna Kevin Stitt, wanda shi kansa ɗan Cherokee Nation ne, ya ce yarjejeniyar ta ƙare a farkon 2020, kotun tarayya ta ce ta sabunta kanta. Wani sharaɗin kuma shi ne matsayin filin: gidan cacar Keetoowah a Tahlequah an rufe shi a 2013 saboda filin da yake kai ba ya cikin amanar tarayya.

Riba kuwa hanya biyar kawai doka ta yarda ta bi: gudanar da gwamnatin ƙabila, jin daɗin 'yan ƙabila, bunƙasa tattalin arziki, sadaka ga ƙungiyoyin agaji, da tallafa wa ƙananan hukumomin yankin. Ƙabilar da ke son raba tsabar kuɗi ga mutanenta sai ta rubuta tsarin rabo, Sakataren Harkokin Cikin Gida ya amince, a kāre kason yara, a kuma sanar da masu karɓa cewa za su biya harajin tarayya a kai.

'Yan Gabas sun zaɓi rabo. Gidan cacar Harrah's ya buɗe a garin Cherokee a 1997, na biyu a Murphy a 2015. Rabin ribar ana raba wa kowane mai rajista sau biyu a shekara, a Yuni da Disamba. A 2001 kason mutum guda ya kai wajen dala 6,000 a shekara, ya kuma ci gaba da hawa bayan nan. Kason yaro ana tara masa a asusu. Da ana danƙa masa shi gaba ɗaya da zarar ya girma, da aka ga yadda kuɗi mai yawa ke narkewa a hannun ɗan shekara 18, sai aka koma biya kashi-kashi, a 18 da 21 da 25.

Wannan rabo ya samu shaida da ba kasafai ake samu ba. Tun 1993 Jane Costello ta Jami'ar Duke ke bibiyar yara 1,420 a yankin, 350 daga cikinsu Cherokee, sai ga kuɗin ya fara shigowa ana tsakiyar binciken. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna yaran gidajen da suka fita daga talauci matsalolin ɗabi'arsu sun ragu har suka yi daidai da na yaran da ba su taɓa talauci ba. Binciken Randall Akee da abokan aikinsa na 2010 ya gano cewa ƙarin dala 4,000 a shekara ya ƙara wa 'ya'yan gidajen da suka fi talauci kimanin shekara guda ta karatu, kuma iyaye ba su bar aiki ba.

Cherokee Nation ba ta raba ribar caca, kuma ba rowa ba ce, lissafi ne. Kamar rabon gado ne, yawan magada ke ƙanƙantar da kaso. A ɗauki dala miliyan 100 a matsayin misali: a raba wa mutum 16,000, kowa zai tashi da 6,250, a raba wa 450,000, kowa zai samu wajen 222. Saboda haka kamfanin ƙabilar, Cherokee Nation Businesses, mai gidan cacar Hard Rock na kusa da Tulsa da kamfanonin kwangilar gwamnatin tarayya, yana miƙa wa gwamnatin ƙabila kashi 37 cikin ɗari na riba, ragowar ya sake zuba shi a kasuwanci. Kuɗin na tafiya ga lafiya, gidaje, karatu da raya yaren, wanda masu jinsa sosai kimanin 2,000 ne kawai a ƙidayar 2019. A 2019 aka buɗe katafariyar cibiyar lafiya kusa da asibitin W.W. Hastings a Tahlequah, a 2020 kuma makarantar koyon likitanci tare da Jami'ar Jihar Oklahoma, ta farko irinta a ƙasar wata ƙabila. Daga kuɗin lambar mota da ƙabilar ke sayarwa, kashi 38 na zuwa makarantun gwamnati, waɗanda 'ya'yan kowa ke halarta.

Sau ɗaya aka ga abin da tsabar kuɗi ke yi wa rajista: a 2021, da aka ba kowane ɗan ƙasa dala 2,000 daga tallafin korona na tarayya, takardun neman shiga suka yi wa ofishin rajista ambaliya, adadin ya tsallake 400,000 a shekarar.

Tsarin hidima yana da nasa gibin. Yawancin shirye-shiryen na mazauna gundumomi 14 ne na arewa maso gabashin Oklahoma, alhali kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasar a waje suke zaune, da yawa a Texas da Kalifoniya. Suna zaɓe, suna da kujeru biyu cikin 17 a majalisar ƙabila, amma taimakon gida ko na ruwan sha ba ya bin su can. A cikin yankin ma arzikin bai bazu daidai ba: gundumar Adair, inda Cherokee suka fi yawa kuma yaren ya fi rayuwa, tana cikin mafi talauci a jihar.

Ko ga 'yan Cherokee Nation, awon jini bai mutu ba, ya ɓuya a dokar filaye. Dokar 1908 ta cire kariya daga filayen masu jini ƙasa da rabi, aka iya sayar da su da sa musu haraji, kuma ta nan filaye masu yawa suka salwanta. Dokar Stigler ta 1947 ta ce fili na rasa kariyarsa da zarar ya faɗa hannun magajin da jininsa bai kai rabi ba. Sai a ƙarshen 2018 majalisar dokokin Amurka ta cire wannan sharaɗi, kuma gyaran bai dawo da filin da ya riga ya fita ba, ya shafi wanda ke da kariya a lokacin ne kawai.