Waiwaye: yadda harbin yanyawa da dare ya samu gindin zama a gonakin Birtaniya

A karkarar Birtaniya, manomin da yanyawa ta addabi kajinsa ko 'ya'yan tumakinsa yakan kira maharbi ne ya zo masa da dare. Shekara ɗari da hamsin baya, wannan aiki abin kunya ne. Jar yanyawar can ta fi ta sahararmu girma, tana kai kilo 5 zuwa 7, kuma tun da aka ƙarar da kyarkeci a tsibirin, kusan ba wata dabbar da ke farautarta in ba mutum ba.

A 1566, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, aka yi dokar kare hatsi wadda ta sa jami'an coci na kowane yanki su riƙa biyan lada kan dabbobi masu ɓarna. Kan yanyawa sule ɗaya ne, kuɗi mai kauri ga talakan lokacin. Amma daga 1753, da Hugo Meynell ya karɓi ragamar ƙungiyar farauta ta Quorn a Leicestershire, bin yanyawa da dawaki da karnuka ya zama wasan masu hannu da shuni. Sai lissafi ya juye. Masu filaye suka koma tattalinta, har a ƙarni na 19 ana shigo da ita daga sauran ƙasashen Turai ana sayarwa a kasuwar Leadenhall ta Landan don a saki a daji. Manomin da ya harbe ta ya ɓata wa manya wasa, kuma in hayar gona yake yi, yana iya jin jiki. Masu gadin dajin fakara dai ba su daina kashe ta a ɓoye ba, da guba da tarko.

Waɗannan hanyoyi ne doka ta riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya. An haramta tarkon ƙarfe mai haƙora a Ingila da Wales a 1958, guba ma ta haramta. A lokaci guda fitila mai ƙarfi da ke aiki da batir na volt 12 da motar shiga gona suka wadata, sai haska fili da dare ya zama sana'a. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maharbanmu masu fitilar goshi: idon dabbar dare yana mayar da haske, sai a hango shi daga nesa.

Kwamitin Lord Burns, wanda gwamnati ta kafa don binciken farauta da karnuka, ya ba da rahoto a 2000 cewa karnukan ƙungiyoyin farauta suna kashe yanyawa 21,000 zuwa 25,000 a shekara, kuma harbi da raifil (doguwar bindiga mai fitar da harsashi ɗaya) a hasken fitila, in an yi shi yadda ya kamata, bai kai farauta da karnuka azabtar da dabbar ba. Scotland ta taƙaita farauta da karnuka a 2002, Ingila da Wales suka bi da dokar 2004 wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005.

“Yadda ya kamata” ɗin nan shi ne duk maganar. Maharbi sai da izinin mai gona da lasisin bindiga daga 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. Yakan zagaya gonar da rana tukuna, ya san inda hanyar ƙafa ta ratsa, inda gidaje suke, da inda tudu yake da zai tare harsashi. Harsashin raifil samfurin .223 ko .22-250, waɗanda aka fi amfani da su, in ya kuskure ya tashi sama yana wuce kilomita biyu, shi ya sa ba a harbin dabbar da ke tsaye a kan tsauni, sarari a bayanta. Yawanci mutum biyu ko uku ne: mai tuƙi, mai fitila, mai harbi. Ana tunkarar fili iska na bugun fuska, don hancin yanyawa ya fi idonta. Ana rufe fitilar da jan gilashi ko ruwan goro don kada hasken ya firgita ta, a ɗora gefen hasken a kanta, ba tsakiyarsa ba. Sannan a kira ta da kukan zomon da ya ji rauni, ta hanyar tsotsar bayan hannu ko busa 'yar usur. In bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma ce, ƙungiyar maharba ta BASC ta ce kada a wuce mita 30, da manyan ƙwayoyi, nauyin giram 36 zuwa sama. In tazarar ta wuce haka, rauni kawai za a yi mata, ta je ta mutu a rami.

Kuskure mafi muni shi ne harbin ido biyu masu ƙyalli ba a ga jikin dabbar ba. Idon tunkiya, na kare, na barewa duk suna ƙyalli, gilashin tabarau ma haka. A 2004 aka harbe wani yaro ɗan shekara 13 a Devon, kudu maso yammacin Ingila, cikin irin wannan fita, ya rasu. Kuskure na biyu ba ya kisa, amma yana lalata aiki: yanyawar da aka haska aka harba aka kuskure ta koyi darasi, da ta ga haske sai ta juya da gudu. Gona guda tana iya cika da irin waɗannan saboda maharbi ɗaya mai gaggawa.

Wannan matsala ce ta buɗe wa sababbin na'urori kasuwa. Madubin gani da dare ya fara shigowa, sannan bayan 2010 na'urar gano ɗumin jiki ta yi araha har talakan maharbi ya iya saya. Da ita ana hango dabba a duhu ba tare da ta san ana kallonta ba. Sai dai tana nuna ɗumi ne, ba kamanni ba: kyanwa ko ƙaramin kare daga nesa farin tabo ne kamar yanyawa, kuma waya ko reshen da ke tsakani sau da yawa ba ya fitowa. Na'urar ta sauƙaƙa nema, ba ta sauƙaƙa tantancewa ba.

Ko harbin yana rage yawanta? A nan ake jayayya. Lokacin annobar ciwon baki da kofato ta 2001 an dakatar da farauta da karnuka kusan shekara, masu bincike na Jami'ar Bristol kuma ba su ga yawanta ya canza ba. A gefe guda, gwajin da aka yi a tuddan Otterburn da ke arewacin Ingila daga 2000 zuwa 2008 ya nuna tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa sun ninka nasarar ƙyanƙyasa kusan sau uku inda aka dage da rage yanyawa da hankaki. Biyun ba sa karo da juna. Bayan girbi, a Agusta da Satumba, ana samun 'yan bana marasa wayo da yawa, harbinsu da sauƙi, amma da yawansu dama ba za su ga ƙarshen hunturu ba, gurbin da aka buɗe kuma baƙi ke cike shi. Harbin da ke amfanar makiyayi shi ne na Janairu zuwa farkon Maris, gab da haihuwar tumaki, kafin yanyawa ta haihu. In aka makara aka kashe uwa mai shayarwa, 'ya'yanta yunwa ce za ta kashe su a rami, dole a nemo su.

Wales ta haramta tarkon zarge a Oktoban 2023, Scotland a Nuwamban 2024. A Ingila yana nan halal bisa sharuɗɗa, amma a waɗancan biyun cikin hanyoyin da suka rage wa manomi akwai katangar lantarki, kejin kamawa da rai, da maharbin dare.