Alzar, alto, altanero: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Mece ce ma'anar alzar a Sifaniyanci?

Ɗagawa. *Alzar la mano*, ɗaga hannu. *Alzar la voz*, ɗaga murya. Shi ke nan.

Z ɗin kamar ta "zuma" ake furta ta?

A'a, kuma bakina ya gaji da faɗa. A mafi yawan Sifaniya harshe ake sawa tsakanin haƙora, kamar harafin *tha* na Larabci. A Latin Amurka *s* ce zalla. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka daina gaurayawa.

Ina ruwan ɗagawa da girman kai?

Bahaushe ne ke wannan tambayar? Mu da muke cewa wane yana da ɗagawa! *Alzar* da *altanero*, mai girman kai, tushensu ɗaya ne, *altus* ta harshen Latin. Daga ita aka sami *alto*, dogo, da *altura*, tsayi, da sunan El Alto, birnin Bolibiya da ke sama da mita 4,000 bisa teku. *Altanero* kuwa asali shahon farauta ne mai tashi can ƙololuwa, daga baya aka laƙaba wa mutumin da ke kallon jama'a a wulaƙance.

To zan iya ce wa mutum altivo ko alzado?

A nan sai a bi a hankali, domin amsar ta danganta da ƙasa da kuma wanda ke gabanka. *Altanero* kan mutum kusan kullum suka ce, kada ka faɗa wa na gaba da kai. *Altivo* tana da fuska biyu: a waƙe takan nufi mai izza, wanda ba ya sunkuyar da kai, amma a hira galibi girman kai za a ji. *Alzado* ce mai hatsari. A Meziko mai ji da kai ake nufi. A Kyuba *alzados* su ne waɗanda suka ɗauki makami suka shige duwatsu, daga *alzarse*, yin tawaye, kuma magoya bayan Janar Franco, tsohon shugaban Sifaniya, sun kira boren sojojin ƙasar na 1936 *Alzamiento*. A Ajantina kuwa dabbar da ke neman barbara ake kira haka, in ka jefa wa mutum ka yi batsa ba ka sani ba. Ko cikin ƙasa ɗaya bakin birni da na ƙauye kan bambanta. Shawarata, ka gane *alzado* in ka ji, amma kada ta fito daga bakinka sai ka ji yadda mutanen wurin ke amfani da ita. In yabo kake so, *digno*, mai mutunci, ta wadatar. Kada hankalinka ya tashi, baƙo akan yi masa uzuri, ba dai kullum ba.

Me ya sa ake rubuta alcé, ba alzé ba?

*Alcé*, wato na ɗaga, daga *alzar* take: z takan koma c a gaban e. Haddace kawai.

Alto da ke allon hanya a Meziko fa?

"Tsaya" take nufi, kuma ba dangin waɗancan ba ce. Daga *halt* ta Jamusanci ta zo, ta bakin sojoji. Taka birki.