Atini ba ya tsayawa a hanji kaɗai

Da yawa daga cikinmu idan suka ga jini da majina a bayan gida, sai su sayi Flagyl su sha na kwana biyu, ciki ya lafa, su ce an rabu. Ba a rabu ba.

Wani nau'in atini na zuwa ne daga ƙwayar amiba, wadda likitoci ke kira Entamoeba histolytica. Ruwa ko abincin da najasa ta taɓa ne ke kai ta ciki. Kusan mutum 9 cikin 10 masu ɗauke da ita ba sa jin komai, amma a jikin wasu takan ci bangon hanji, ta bi jini ta sauka a hanta, ta tara mugunya a can.

Wannan na hanta shi ke rikita mutane, domin yakan taso bayan watanni, galibi babu ko gudawa. Zazzaɓi ne mai naci da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci har kafaɗa. Ya fi kama maza magidanta. Sai a yi ta shan maganin maleriya da taifod alhali ƙurjin na girma, kuma idan ya fashe ya malala cikin ƙirji ko jakar zuciya, rai na cikin haɗari.

Duba bayan gida da madubin likita kaɗai bai isa ba, don akwai wata amiba marar cutarwa, Entamoeba dispar, da ke kama da ita sak. Akan haɗa da gwajin jini, da PCR, wato gwajin gano ƙwayar halittar amibar, inda ake da shi, da sikanin ciki don a ga hanta.

Magani kashi biyu ne. Na farko metronidazole, wato Flagyl ɗin, na kwana 7 zuwa 10, ko tinidazole. Giya haramun ce ga mai shan su, a likitance ma. Na biyu paromomycin ko diloxanide, masu share ƙwayoyin da suka maƙale a hanji. Shi ne aka fi tsallakewa, shi ya sa cutar ke dawowa, ta kuma bi iyali. Idan zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana 3 zuwa 5, likita kan zuƙe mugunyar da allura.

Kada mai atini ya sha maganin tsayar da gudawa irin su loperamide, ko prednisolone da danginsa, wato magungunan rage kumburi da ake kira steroid, domin suna iya sa hanji ya ɓule. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ga zazzaɓi ga jini? A nufi asibiti a wannan sa'ar.