Ɓoye labarin hanya ba shi ke kawo riba ba

Wai har yanzu wasu 'yan gwari na ganin in hanya ta lalace kayi shiru kar abokin gasarka ya sani, kai ka zagaya ka riga shi shiga kasuwar Mile 12 ta Legas ka ci kasuwa. Wallahi lissafin nan bai fita.

Ku tuna ambaliyar Mokwa a jihar Neja ta watan Mayu 2025 da ta karya gada a hanyar da motocinmu ke bi zuwa Legas. In kowa ya ɓoye, ai tireloli za su ci gaba da lodin tumatir daga Kadawa ta Kano da Ɗanja ta Katsina su je su jibge a wuri ɗaya, tumatir kuma baya jiran kowa, kwana biyu a rana ya fara ruwa, ranar da aka samu hanya duk su sauka kasuwa lokaci guda farashi ya faɗi har da na wanda yayi shirun, tunda kwandonsa ba daban ake sayarwa ba.

Kostomanka da cinikinka sirrinka ne, ba wanda yace ka faɗa. Amma labari irin "gada ta karye, ku dakata da lodi ko ku bi ta Lokoja", wannan a tura shi group ɗin WhatsApp tun da asuba.